Daga Makewayin Shikago zuwa Ɗigon Shan-inna a Kano

Aikin jama'a na farko da aka san ƙungiyar Rotary da shi, makewayi ne. A shekarar 1907 'ya'yanta suka tasa hukumomin birnin Shikago na Amurka a gaba, sai an gina banɗaki na kowa da kowa a tsakiyar gari. Masu mashaya da manyan kantuna ba su so ba, don wanda matsuwa ta shigar da shi wurinsu da wuya ya fito bai sayi komai ba. Aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe aka gina. Shekara 78 bayan haka, ƙungiyar da ta fara da wannan ɗan aiki ta ɗauki alkawarin kai rigakafin shan-inna ga kowane yaro a duniya, kuma cikin wuraren da alkawarin ya fi jin jiki har da Kano. Yawancin abin da ake faɗa a kan irin waɗannan ƙungiyoyi, yabo ne ko zagi, a kan kuɗinsu yake tsayawa. Ni kuwa a ganina abin da suka bari wanda ya fi kuɗin nauyi wata ɗabi'a ce: sun gano yadda ake ɗaure alheri da igiyar tsari har ya yi tsawon ran da ya wuce na mai yin sa. A Kano ne kuma aka ga inda igiyar take ƙarewa.

Shikago ta wancan zamani garin baƙi ce. A 1870 mutanenta ba su wuce 300,000 ba, kafin 1900 sun doshi miliyan 1.7. Kowa daga wani wuri ya zo, ba wanda ya san asalin wani, kasuwa ta zama kowa tasa ta fisshe shi. Paul Harris lauya ne da ya tashi a Wallingford, wani ɗan ƙauye a jihar Vermont, inda mai kanti ya san mai saye har kakansa, kuma abin da ya rasa ke nan a birni. Ranar 23 ga Fabrairun 1905 ya zauna da mutum uku a wani ofis: Silvester Schiele mai sayar da kwal, Gustavus Loehr injiniyan haƙar ma'adinai, da Hiram Shorey tela. Suka shirya su riƙa haɗuwa, yau a ofishin wannan, gobe a na wancan, kuma daga wannan zagayen ne sunan ƙungiyar ya fito. Ƙa'idarsu ita ce kowace sana'a mutum ɗaya: lauya ɗaya, tela ɗaya, mai ɗab'i ɗaya, don kada kishiyoyin kasuwa su haɗu a teburi guda. Ba a ɓoye manufar ba. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ce, har akwai wanda aka ɗora wa aikin rubuta cinikin da 'yan ƙungiya suka yi wa juna. Bafataken da ya sauka a zangon Kumasi ko Sabo ta Ibadan ya nemi mai gida da zai tsaya masa, zai gane wannan buƙata ba sai an yi masa bayani ba. Baƙo a kasuwar da ba a san shi ba, abu na farko da yake nema shi ne wanda zai ce na san shi.

Abin tambaya shi ne yadda taron neman ciniki ya rikiɗe ya zama abin da ya zama. Amsar tana cikin ƙananan dokokin da ba su da wani kwarjini. Bisa al'ada ana haɗuwa kowane mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, a buga ƙararrawa a buɗe, a buga a rufe. Shekaru da dama dokar ita ce wanda ya yi fashin zama huɗu a jere ba da uzuri ba ya fita, komai arzikinsa, kuma wanda tafiya ta kama shi sai ya halarci zaman wani reshe a garin da ya sauka, ya kawo shaida. Shugabanci shekara ɗaya ne tak. Ranar 1 ga Yuli shugaban reshe da na yanki da na duniya duk su sauka, wasu su hau, saboda haka ba wanda yake daɗewa har kujera ta zama tasa, kuma mai son aikinsa ya ɗore tilas ya rubuta shi ya miƙa. Akwai kuɗin ƙa'ida, akwai ma'aji, akwai littafin shige da fice. Mai karatu zai ce ai ba Amurkawa ne suka koya wa duniya taimako ba, kuma gaskiyarsa. Ƙasar Hausa ta san gayya tun kafin a san da Shikago, ta san zakka da sadaka da ciyayya da adashi, kuma a yawan kyauta attajirinmu ba ya jin kunyar kowa. Sai dai gayya ta yini ɗaya ce: a nome gonar, a sha fura, a watse. Kyautar attajiri kuwa sau da yawa da ransa take tafiya. Ya haƙa rijiyar burtsatse, unguwa ta yi shekara biyar tana sha, ya rasu, magada su shiga rabon gado, famfo ya lalace a rasa wanda zai sayi ƙarfen gyara. Bambancin yana wajen wanda zai dawo mako mai zuwa ya tambaya ina aka kwana.

Tsarin ya yi saurin yaɗuwa. Ƙungiyoyi irinta suka biyo baya: Kiwanis ta fito a Detroit a 1915, Lions a Shikago a 1917 a hannun Melvin Jones, wani mai harkar inshora. Rotary ta tsallaka Kanada da Ailan da Ingila tun kafin yaƙin duniya na farko, ta iso Johannesburg a 1921, Alƙahira a 1929. A 1917 shugabanta Arch Klumph ya kawo shawarar a kafa asusu na dindindin, kuɗin farko da ya shiga kuwa dala 26 da santi 50 ne, daga reshen birnin Kansas. Tarihin Lions ya fi nuna abin da nake nufi a taƙaice. A 1925 Helen Keller, wadda ba ta gani ba ta ji tun tana jaririya, ta tsaya a babban taronsu a jihar Ohio ta roƙe su su ɗauki lamarin makafi ya zama nasu. Jawabi ne na 'yan mintoci, irin wanda ake tafa wa a manta. Amma da yake ya faɗa hannun mutanen da ke haɗuwa a kai a kai, sai ga shi wani reshensu a Peoria ya yaɗa farar sandar makafi tun daga 1930, sai tattara tabarau, sai aikin yanar ido, sai shirin SightFirst a 1990, har da haɗa hannu da Cibiyar Carter wajen raba maganin makantar rafi a Najeriya. Shekara ɗari ke nan suna kan ido.

Suka ta farko da ake yi musu tsohuwa ce, kuma tana da ƙafa. An ce taron masu hannu da shuni ne da ke cin abincin rana a otal, su yi hoto da ƙaton cek, su kira shi hidima. Tun 1922 marubuci Sinclair Lewis ya yi wa irin wannan ɗan kasuwa mai yawan fara'a da ƙarancin tunani ba'a a littafinsa Babbitt, har sunan ya zama abin zolaya a Amurka. Kuma ƙofarsu ta daɗe a ƙuntace. Mata sun yi sama da shekara 80 ba su da damar shiga Rotary. Da reshen Duarte na jihar Kalifoniya ya karɓi mata uku a 1977, uwar ƙungiya ƙwace masa rajista ta yi, sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987 sannan aka sauya doka a 1989, mace kuwa ba ta hau shugabancin duniya ba sai a 2022. Ba abin da za a kare a nan. Amma batun son kai yana buƙatar a ɗan tsaya. Ƙungiyar da ta dogara da tsantsar sadaukarwa takan mutu ranar da zafin zuciya ya huce, kuma zafin zuciya ba ya shekara. Waɗannan sun ba ɗan ƙungiya dalilin zuwa wanda bai da alaƙa da tausayi: zai ga abokai, zai san mutane, sunansa zai fito. Niyya tsakaninsa da Ubangijinsa ce, ladanta ko rashinsa ba hurumin mai tarihi ba ne. Abin da mai tarihi zai iya gani shi ne mutumin ya zo, ya biya, ya kuma dawo, kuma yaron da aka ɗiga wa magani bai tambayi abin da ke zuciyar wanda ya saya ba.

Babban gwajin tsarin ya zo ne da shan-inna. A ƙarshen shekarun 1970 duniya tana gab da gamawa da agana, wadda aka tabbatar da ƙarewarta a 1980, sai shugaban Rotary na lokacin, Clem Renouf ɗan Ostareliya, ya ga cewa ƙungiya mai rassa a ƙasashe da yawa tana ɓarnatar da ƙarfinta in kowane reshe yana ɗan aikinsa shi kaɗai. A 1979 aka fara da Filifin, da shirin yi wa yara miliyan 6 rigakafi. Cutar ta dace da irin ƙarfinsu: a jikin mutum kaɗai take rayuwa, maganin da Albert Sabin ya samar ɗigo biyu ne a baki, ba tsada, kuma ba sai likita ba, duk wanda aka nuna wa zai iya. A 1985 aka ƙaddamar da shirin PolioPlus, aka ce za a tara dala miliyan 120. Da aka zo babban taro a Filadelfiya a 1988 abin da aka tara ya kusa ninka haka, daga baya ya kai kusan miliyan 247. A wannan shekarar ce babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin kawar da cutar baki ɗaya, lokacin tana nakasa yara wajen 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Jerin abubuwan yana da muhimmanci. Kuɗin 'yan sa kai ne ya riga ƙudurin gwamnatoci, kuma minista ya fi saurin ɗaga hannu in ya ga wani ya riga ya ajiye kuɗin magani a kan tebur. An sa wa'adin shekarar 2000. Wa'adin ya zo ya wuce, aka sa wani, shi ma ya wuce.

A nan labarin ya shigo gida. Reshen Rotary na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi, a 1961, kafin na Legas da na Ibadan. Kuma mutumin Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya, Jonathan Majiyagbe, babban lauya ne da a lokacin yake zaune a Kano, ɗan wannan reshe. Ya hau ne a Yulin 2003, a daidai shekarar da Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Dakta Datti Ahmed, likita kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Najeriya, ya ce akwai zargin an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ce ba za a ci gaba ba sai an bincika. Wanda ya kira wannan jahilci kawai bai san Kano ba. Shekara bakwai kafin nan, a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara a Asibitin Zana. Yara wajen 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, shari'a ta yi ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ga kuma manufar ƙayyade iyali ta 1988 mai cewa 'ya'ya huɗu ga kowace mace, wadda ba a manta ba, ga yaƙin Iraƙi ana jin sa a rediyo safe da yamma. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Shugaban duniya na Rotary yana zaune a garin, yana da mutunci a idon manya, amma hakan bai buɗe ƙofar gida ko ɗaya a lungu ba.

Akwai kuma tambayar da magidanta suka riƙa yi a bakin zaure, wadda har yau ba a ba ta cikakkiyar amsa ba. Yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, a je asibiti a ce ba magani sai an saya. Ƙyanda ta shigo unguwa ta kwashe yara, ba wanda ya leƙo. Amma ga wani magani kyauta, ana biyo mutum da shi har gida, wata bayan wata, saboda cutar da a cikin yara 200 da suka ɗauke ta ɗaya ne take shanye wa ƙafa. Me ya sa wannan kaɗai? Sunan cutar ma yana ɗauke da wata fahimta dabam: a tsohon tunanin mutane Inna ce, ta cikin iskoki, take shan jinin ƙafar yaro, abin da iska ta yi kuwa ba ɗigon asibiti ake nema masa ba. Amsar masana ita ce zazzaɓi za a yi ta fama da shi ne, ita kuwa shan-inna ana iya gamawa da ita sau ɗaya har abada, a huta da kashe mata kuɗi. Lissafin daidai ne, amma lissafin mai kallon taswirar duniya ne, uban da ya binne 'yarsa makon jiya ba a nan idonsa yake ba. Wannan ita ce sukar da ta fi kama ƙungiyoyin nan a wuya: su suke zaɓar ciwon da za a yi wa magani, mai ciwon ba a tambaye shi ba. Nacin da ya sa suka yi shekara 40 a kan cuta ɗaya, shi ne kuma ya sa suka yi jinkirin jin abin da ake gaya musu.

Sai zargin asiri. A 1978 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, cikin hukuncin da ta yanke a kan ƙungiyar asiri ta Masoniyya, ta ambaci Rotary da Lions cikin sunayen da take ganin ana fakewa da su, kuma wannan magana tana yawo a tsakanin masu karatu har yau. Ba Musulmi kaɗai suka yi musu wannan kallo ba. Gwamnatin Nazi ta matsa wa rassan Jamus har suka rushe a 1937, fadar Paparoma ta hana limamanta shiga a 1951. Hukuncin addini na malamai ne. Abin da ke fili ga mai duba tarihi shi ne sunayen 'yan ƙungiya ba a ɓoye suke ba, ranar zama da wurinsa a rubuce suke, baƙo yana halarta, ana buga lissafin kuɗin asusunsu duk shekara, kuma a Pakistan Musulmi 'yan ƙasar ne ke riƙe da rassan, su ne kuma a gaba wajen yaƙin shan-inna. Amma zargi ba ya rasa abincin da zai ci. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da wani shirin rigakafi na bogi a Abbottabad tana farautar Usama bin Laden. Ba ruwan Rotary da wannan, amma ma'aikatan ɗigo ne suka biya da jininsu. Su ma ƙungiyoyin, yanayin zamansu bai taimake su ba: taro a otal, da Turanci, da ɗan tambari a ƙirjin kwat. Mutumin da ke zaune a kan tabarma a ƙofar gida, in ya ga haka, abin da zai ce shi ne waɗannan ba namu ba ne.

Dakatarwar Kano ta kai wajen wata 11, kuma ta yi tsada. Ƙwayar cutar ta bi hanyoyin da mutanenmu suka saba bi, na fatauci da na aikin hajji, ta sake ɓulla a ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiya. A 2006 yaran da ta nakasa a Najeriya sun haura 1,100. Abin da ya warware ƙullin kuwa ba daga Shikago ya zo ba. An kawo magani daga kamfanin Bio Farma na Indonesiya, ƙasar Musulmi, Kano ta dawo a Yulin 2004, Gwamna Shekarau ya miƙa 'yarsa Shugaba Obasanjo ya ɗiga mata a bainar jama'a. Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya fito da kansa yana ɗigawa. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da abin da mutane suke so: sabulu, gidan sauro, maganin tsutsar ciki, allurar ƙyanda. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aikin ya gangaro daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, wanda ya san gidan da aka haihu jiya da gidan da aka ɓoye yara a ɗaka. Waɗanda cutar ta nakasa a Kano, masu ƙera kekunan guragu da hannunsu, suka shiga bin gidajen da aka ƙi, kuma uban da ya kori ma'aikaci yakan yi shiru in wanda ke gabansa a kan keken ya ce dube ni.

Ranar rigakafi ana fita ne da sassafe kafin rana ta yi zafi. Mata ne, domin namiji iyakarsa zaure. Ɗaya tana rataye da akwatin sanyi mai ƙanƙara a ciki, ɗaya tana riƙe da takardar ƙirga, ga wakilin mai unguwa yana gaba yana sallama. A jikin kowace 'yar kwalba akwai wani ɗan tambari, murabba'i a cikin da'ira, in zafi ya taɓa maganin sai murabba'in ya yi duhu, a san ya lalace a jefar. A matse kumatun yaro, ɗigo biyu, a shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsan hagu don kada a maimaita ko a tsallake shi. In an fito a rubuta da alli a jikin bango ko ƙyaure: ranar zuwa, yara nawa ke gidan, nawa aka samu, ko za a dawo. Duk wanda ya bi lungunan Fagge ko Ƙofar Mata ya ga waɗannan rubuce-rubuce, sabo a kan tsoho. Alawus ɗin matan nan bai taka kara ya karya ba, suna shan zagi, wani lokaci a sakar musu kare ko a watsa musu ruwa. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka buɗe wuta a wasu ƙananan asibitoci biyu a Kano, suka kashe ma'aikatan rigakafi tara, kusan dukansu mata. Aka ci gaba da fita bayan haka.

Ganin wannan, mutum yana da hujjar cewa to ina ruwan masu ƙararrawa da wannan nasara? Mata ne suka yi tafiyar, sarakuna suka buɗe ƙofa, gwamnatoci da Gidauniyar Gates suka zuba kuɗin da ya fi na Rotary yawa, ko da yake nata ya haura dala biliyan 2. Haka ne, kuma duk tarihin da ya manta da matan nan ya yi zalunci. Sai dai a duba wanda bai tashi daga wurin ba. Tun 1988 an yi shugabanni da ministocin lafiya ba adadi a Najeriya da Amurka da Birtaniya, kowa da abin da ya dame shi. Hukumomin duniya sun sauya shugabanni, an sha yin lokacin da masana na ƙwarai suka ce a haƙura da kawarwa, a koma rage cutar kawai. A duk wannan tsawon lokaci akwai likita ko ɗan kasuwa a kusan kowace mazaɓa ta ƙasashen da ke ba da kuɗi, wanda ya san ɗan majalisarsa ido da ido, yana tuna masa alkawari duk shekarar kasafi. Kuɗinsu kuma yana zuwa ne a kan lokaci, yana toshe ramin da jinkirin gwamnati ya bari: man mota, ƙanƙara, alawus. Har Gidauniyar Gates ta ga ya fi mata ta ɗora nata a kan nasu, dala biyu a kan kowace ɗaya da suka tara. A Najeriya kwamitinsu na ƙasa, wanda Dakta Tunji Funsho ya jagoranta shekaru da dama, ya zauna a teburi ɗaya da gwamnati da sarakuna, kuma a wannan karon ya koyi zama a baya ya bar masu gari su yi magana.

A 2012 Najeriya ce ke da fiye da rabin yaran da cutar ta nakasa a duniya, 122. A 2014 suka koma 6, na ƙarshensu a ƙaramar hukumar Sumaila ta jihar Kano. A wannan shekarar ce kuma aka ɗauki ma'aikata da tsarin cibiyar yaƙin shan-inna aka tare Ebola da su a Legas. An fara murna, sai a 2016 aka gano wasu yara huɗu a Borno, a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana shiga, aka koma ƙirga daga farko. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Aikin dai bai ƙare ba. Tana nan a Afganistan da Pakistan, kuma a 2022 an gan ta a Malawi da Mozambik, irin ta Pakistan. A Arewa maso yamma kuma ana fama da wani nau'i da ke samo asali daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon kanta, wadda in ta daɗe tana yawo a inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba sai ta sake yin ƙarfi. Ta bayan gida cutar take yaɗuwa, daga kashin yaro zuwa ruwa zuwa bakin wani, shi ya sa tun 2011 ake farautarta a magudanan Kano. Ma'aikaci yakan je da safe inda kwatocin unguwanni suke haɗuwa, ya zura guga ya ɗebo, ya zuba a jarka ya rufe, ya sa cikin ƙanƙara, a kama hanyar ɗakin gwaji na Ibadan.